RA'AYINMU: KAMA DA WANE BA TA WANE

 Bisa ga al'ada, a wannan shafi mukan tattauna ne a kan abubuwan da suka shafi zamanmu na yau da kullum, kamar ƙarancin ɗakunan kwana, ko tsadar abinci, ko jinkirin biyan kuɗin tallafin karatu. To, amma a wannan karo mun ga ya kamata mu ɗan ratse, mu dubi wata matsala wadda ta yi sallama har cikin ofishin mujallar nan, ta raba kan 'yan kwamitinmu gida biyu, aka kwashe yini guda cur ana muhawara.

Ga yadda abin ya faru. Da lokacin shirya bangon mujalla ya yi, sai ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ya zaro wayarsa, ya nuna mana wani hoto mai ɗaukar ido. Ga ɗalibi sanye da rigar karɓar digiri, ga ganuwa a bayansa, ga rana tana shirin faɗuwa, launi ya zuba sai ka ce me. Ya ce ko minti ɗaya bai yi ba ya same shi, kuma ko kwabo bai biya ba. Iyakar abin da ya yi shi ne ya rubuta wa na'ura jimla biyu da Turanci. A ɗaya gefen kuma ga ɗalibar sashen zane-zane wadda ta saba yi mana bango, ta nemi mu ba ta mako biyu, da kuɗin takarda da na fenti. Asusun ƙungiya kuwa kowa ya san halin da yake ciki. Sai tambaya ta taso: don me za mu jira mako biyu, mu kuma biya kuɗi, alhali ga na kyauta a hannu? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba mu kaɗai take damu ba. Saboda haka muka ga ya dace mu amsa ta a bainar jama'a.

Wannan gardama ta fara ƙamari ne a ƙasar Amurka. A ƙarshen watan Agusta na 2022, a wajen bikin nunin kayayyaki na Jihar Kolorado da ake yi a garin Pueblo, wani mutum mai suna Jason Allen ya zo na ɗaya a gasar zanen kwamfuta, aka ba shi kyautar dala 300. Hoton da ya ci gasar da shi na wani ƙasaitaccen zaure ne, da mata sanye da dogayen riguna suna fuskantar wata babbar taga mai haske. Ba shi ya zana ba. Wani inji mai suna Midjourney ne ya fitar masa da shi, bayan ya yi ta ba shi umurni yana gyarawa, sau 624 a faɗarsa. Gaskiya ne ya rubuta sunan injin a jikin takardar shiga gasa, amma alƙalai sun ce ba su san abin da sunan yake nufi ba a lokacin. Da labari ya bazu, sai masu zane a ko'ina cikin duniya suka fusata, suna cewa tamkar an bar mai babur ne ya shiga tseren ƙafa. Shi kuwa Allen ya tsaya kai da fata a kan bai karya dokar gasa ba. Tun daga ranar ƙura ba ta lafa ba.

Kafin mu yanke hukunci, ya kyautu mu san yadda irin wannan inji yake aiki, domin wanda bai san asalin abu ba shi yake ɗaukarsa tsafi. Masu ƙera shi sukan tara hotuna masu ɗimbin yawa, kowanne da 'yan kalmomin da suke bayyana abin da ke cikinsa. Sai a ɗauki hoto a yi ta lulluɓe shi da ɗige-ɗige kaɗan-kaɗan, kamar yadda hazon hunturu yake rufe gari, har ya ɓace ɗungum. Aikin injin shi ne ya koyi yaye wannan hazo mataki-mataki har hoton ya komo. Idan ya yi haka sau miliyoyi, sai ya ƙware, har ya zamana in an ba shi hazo zalla aka ce masa "doki a bakin kogi", zai yi ta yayewa har wani abu mai kama da doki a bakin kogi ya bayyana. Bai taɓa ganin doki ba, bai taɓa jin haniniya ba, bai san sanyin ruwa ba. Abin da ya sani kawai shi ne yadda ɗige-ɗige suka saba jeruwa a hotunan da aka rubuta wa "doki". Wannan ita ce ƙirƙirarriyar basirar da ake ta yayatawa, kuma a shekarar 2022 ne manyan injunanta uku suka shiga hannun jama'a, watau DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion.

To, ina aka samo waɗannan hotuna da aka koya wa inji aiki da su? Nan gizo yake saƙa. A shekarar 2022 wata ƙungiya ta ƙasar Jamus mai suna LAION ta fitar da jerin hotuna fiye da biliyan 5 waɗanda aka tattaro daga intanet, kuma da wani ɓangare na wannan tari aka horar da Stable Diffusion. A cikinsu akwai aikin masu zane da masu ɗaukar hoto waɗanda ba a nemi izninsu ba, ba a biya su ba, ba a ko sanar da su ba. Wani mai zane ɗan ƙasar Folan, Greg Rutkowski, wanda ya shahara wajen zanen dodanni da fagagen yaƙi, ya wayi gari ya tarar mutane suna rubuta sunansa a cikin umurnin da suke ba inji domin ya kwaikwayi salonsa. Ya zuwa watan Satumba na 2022 an ƙidaya an yi haka kimanin sau 93,000, har ya zamana in ya nemi sunansa a intanet sai ya riƙa cin karo da hotunan da bai taɓa zanawa ba. Shekarun da ya ɓata yana koyon sana'a sun zama kalmomi biyu a bakin wani. Abin nan dai da Hausawa suke cewa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu zane ba su naɗe hannu ba. A watan Janairu na 2023 wasu masu zane uku, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke San Francisco a kan kamfanonin Stability AI da Midjourney da DeviantArt, kuma a watan Agusta na 2024 alƙali ya yarda a ci gaba da sauraron ƙorafinsu na keta haƙƙin mallaka. Haka kuma kamfanin dillancin hotuna na Getty Images ya yi ƙarar Stability AI a Ingila da Amurka, yana zarginsa da kwasar hotunansa fiye da miliyan 12, har ya nuna wa kotu yadda tambarinsa yake fitowa a murɗe a jikin wasu hotunan injin. Sai dai a watan Nuwamba na 2025 babbar kotun London ta yanke hukunci wanda mafi yawansa ya fifita Stability AI. Wannan ya nuna mana cewa ba za mu zauna mu jira alƙalan ƙasashen waje su faɗa mana abin da ya dace ba. Shari'a daban, sanin ya kamata daban.

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin abokanmu masu goyon bayan inji suna da hujja, kuma ba su faɗi ƙarya ba. Sun ce zamani riga ne, kuma kowace sabuwar na'ura da haka ake tarbarta. Sun kawo misalin kyamara. Lokacin da aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a birnin Paris cikin 1839, masu zana ƙananan hotunan fuskokin mutane da yawa sun rasa abin yi, amma zane bai mutu ba. Hasali ma a 1874, a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto da ake kira Nadar ne Claude Monet da abokansa suka baje kolin sabon salonsu na zanen haske da launi, wanda ya sauya fasahar Turai baki ɗaya. Abokan namu sun ƙara da cewa inji ya buɗe wa talaka ƙofa. Malamin firamare a ƙauye yana iya samun hoton da zai koyar da yara da shi, mai ƙaramar sana'a yana iya yin tallarsa, alhali a da sai mai kuɗi. Duk wannan mun yarda da shi, kuma ba mu cikin masu cewa a farfasa injuna.

Amma akwai bambanci tsakanin kyamara da wannan inji, wanda bai kamata a rufe ido a kansa ba. Mai kyamara tilas ne ya tashi ya tafi wurin da abu yake, ya tsaya, ya duba, ya zaɓi lokacin da zai danna. Hotonsa shaida ne cewa ya je ya gani. Kuma kyamara ba ta buƙatar haɗiye aikin masu zane kafin ta yi aiki. Wannan inji kuwa da gumin masu zane aka yi masa tubali, sa'an nan aka juyo da shi ya yi kasayya da su a kasuwa ɗaya. Wanda ya kwatanta su biyun ya ce duka ɗaya ne, ya yi wa kyamara ƙazafi.

Mu 'yan wannan ƙasa ba baƙi ba ne ga gardamar hannu da inji, don mun daɗe muna yin ta a kasuwar tufafi. Ku dubi babbar riga mai aska takwas. Kafin allura ta taɓa ta, sai mai zane ya zauna ya fitar da fasalin aikin a jikin yadi, sa'an nan maɗinki ya kwashe makonni, wani lokaci watanni, yana bin zanen da zare. Da kekunan ɗinki suka zo, daga baya kuma injin kwamfuta ya biyo, sai aka sami rigar da ake gamawa cikin yini ɗaya ko biyu. Aikin hannu bai mutu ba. Je ka kasuwar Kurmi ko ta Kwari a Kano, ko cikin birnin Zariya, ka taya riga ko hula, abin da za a fara gaya maka shi ne, wannan aikin hannu ce, waccan aikin inji. Kowace da kuɗinta, kowace da ranar sa ta. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi ta inji ya yi Sallarsa, babu mai zarginsa. Abin da ya riƙe wannan kasuwa shi ne gaskiya. Dattijon da ya san riga yakan juya bayan ɗinki ya duba, nan da nan ya gane. Dillalin da ya sayar da aikin inji da sunan aikin hannu kuwa, sunansa maha'inci, kuma ba ya daɗewa a kasuwa.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu da cewa kowace sana'a takan tsira. Ina masu zanen ƙwarya waɗanda a da babu ɗakin amaryar da ba a jera aikinsu ba? Kwanonin ƙarfe masu fenti suka fara ture su, daga baya roba ta ƙarasa, yau sai an tona kafin a sami gwani ɗaya a gari. Sana'a takan mutu ne daga ƙasa. Babu gwanin da aka haifa da gwanintarsa. Da ƙananan ayyuka yake farawa, yana ci yana koyo, har hannunsa ya faɗa. Ƙananan ayyukan nan, watau bangon littafi, da hoton talla, da zanen barkwanci a jarida, da allon shago, da bangon mujalla irin tamu, su ne inji ya fara lamushewa. In an hana almajiri ƙaramin aiki yau, to an hana al'umma babban gwani nan da shekara ashirin. Ga shi kuma hoto ba shi da bayan ɗinkin da za a juya a duba. A farko akan gane hoton inji da yatsu shida ko karkatacciyar fuska, amma masu ƙera shi sun gyara mafi yawan wannan aibi, har ya kai ƙwararru ma suna ruɗewa.

Wani Bajamushe mai ɗaukar hoto, Boris Eldagsen, ya tabbatar da haka. Ya shigar da hoton wasu mata biyu, baƙi da fari, mai kama da na zamanin da, cikin gasar ɗaukar hoto ta duniya ta Sony, aka zaɓe shi ya ci ɗaya daga cikin rukunan gasar. A wajen bikin ba da kyauta a London cikin watan Afrilu na 2023 ya miƙe ya ƙi karɓa, ya bayyana cewa da inji ya yi hoton, kuma a ganinsa bai kamata a haɗa hoton inji da hoton kyamara a gasa ɗaya ba. A cikin watan Maris na wannan shekarar hoton Paparoma Francis sanye da wata farar rigar sanyi mai kumburi ya zagaya duniya, miliyoyin mutane suka gaskata, alhali Midjourney ne ya ƙaga shi. A watan Mayu kuma hoton ƙarya na fashewar wani abu kusa da hedkwatar tsaron Amurka ya sa kasuwar hannun jari ta ɗan girgiza na 'yan mintuna. Mun taso muna cewa gani ya kori ji. Idan gani ya zama abin tuhuma, da me za mu kori ji? A ƙasa irin tamu, inda jita-jita ɗaya takan iya tayar da gari, wannan ba abin wasa ba ne.

To, mene ne darajar aikin hannun ɗan Adam, wadda inji ba shi da ita? A ra'ayinmu ita ce wannan: a bayan kowane zane na hannu akwai mutumin da ya gani, ya sani, ya zaɓa, kuma za a iya tsare shi a tambaye shi. Ku zaro takardar naira 20 ku duba bayanta. Matar da kuke gani tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda ta koyi sana'ar a wurin gwaggonta tun tana yarinya. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, watau Suleja ta yanzu, ta zama mace ta farko da ta yi aikin gini a wurin. A can ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu da murhun gashi irin na Turawa, ba ta ƙyamace su ba. Amma ƙadangaru da kunamu da kifaye da kadojin da take tsagawa a jikin tulunanta daga ƙasarta ta zo da su, daga abin da idonta ya gani da abin da hannun iyayenta mata ya saba. Na'ura ta yi mata hidima, ita ce uwargijiya. Shi ya sa aka baje kolin aikinta a London, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma har yau, shekaru da dama bayan rasuwarta a 1984, wanda ya san tukunya yana ganin tata zai ce ta Ladi ce.

Shi inji kuwa abin da aka fi nuna masa shi yake maimaitawa, kuma mu ba mu da yawa a cikin abin da aka nuna masa. A watan Oktoba na 2023 wata kafar labarai mai suna Rest of World ta bincika hotuna 3,000 da Midjourney ya fitar game da ƙasashe shida, har da Nijeriya. Ta tarar cewa in aka ce masa ya zana Ba'indiye, kusan kullum tsoho mai gemu yake kawowa, in aka ce mutumin Meziko, sai ya kawo namiji da ƙatuwar malafa. Watau yakan ɗauki al'umma guda mai miliyoyin mutane ya matse ta cikin siffa ɗaya. Mu ma da muka ƙura wa hoton abokinmu ido, sai muka ga ganuwar ta dutse ce irin ta fadojin Turai, hular ɗalibin ba zanna ba ce, ba kuɓe ba ce, ba ta kowa ba ce, itatuwan kuma babu kuka babu dogon yaro. Hoton yana da kyau, amma ba mu ba ne. Zanen aro ba ya rufe katara.

Wannan ya tuna mana da magabatanmu ɗalibai. A 1958, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu samari masu koyon zane, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya saboda ba su gamsu da manhajar da ke koya musu kallon duniya da idon Bature ba. Ba su yar da fenti da buroshin Bature ba. Sun riƙe su, suka koma gida suka ɗebo fasahar iyayensu, kamar yadda Okeke ya ɗebo zanen uli na matan Ibo, suka haɗa. Daga wannan ƙaramar ƙungiya ta ɗalibai aka sami wasu daga cikin manyan masu zanen Nijeriya. Abin kunya ne a ce waɗancan, a ƙarƙashin mulkin mallaka, sun ƙi yarda wani ya zana musu fuskarsu, mu kuma da muka gaji 'yanci mu miƙa tamu ga injin da ke wata nahiya, don kawai ba ya karɓar kuɗi. Araha dai ba ta ado.

Hukumomin wasu ƙasashe sun fara gane bambancin. A watan Satumba na 2023 ofishin rajistar haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton Jason Allen rajista, bisa hujjar cewa doka aikin ɗan Adam take karewa, kuma a watan Maris na 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta tabbatar da wannan ƙa'ida a wata shari'a dabam. Dokar Tarayyar Turai a kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki a watan Agusta na 2024, ta tanadi a riƙa sa alama a kan abin da inji ya ƙaga, ita ma ƙasar Sin ta fara tilasta irin wannan alama daga 1 ga Satumba, 2025. A nan gida muna da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya. Ya rage ga hukumar da ke kula da ita ta dubi yadda za ta kare zanen ginin Hausa, da dagi, da fasalin rigunanmu da hulunanmu, kada a wayi gari a tarar wasu suna sayar mana da kwaikwayonsu.

Saboda haka, ga kiran da muke yi. Na farko, duk wanda ya yi amfani da hoton inji ya faɗa. Babu laifi a saye ko sayar da rigar inji, laifin yana wajen kiranta aikin hannu. Na biyu, ƙungiyoyin ɗalibai masu shirya gasar zane ko ta ɗaukar hoto su raba rukuni tun kafin a fara, tun ran gini ran zane, kada abin da ya faru a Kolorado ya faru a nan. Na uku, muna roƙon yayyenmu da suka gama karatu suka kama aikin gwamnati, musamman a ma'aikatun ilmi da lafiya da watsa labarai, su tuna cewa hoton da za a manna a asibitin ƙauye ko a sa a littafin 'yan firamare ya kamata mai kallo ya ga kansa a ciki. In akwai kason kuɗin zane a cikin kasafi, a ba mai zane, kada a karkatar da shi a cike gurbin da hoton kyauta. Na huɗu, ku 'yan'uwanmu masu koyon zane, kada ku karaya, kada kuma ku yi wa inji jahilci. Ku san shi ciki da waje, ku mai da shi bara in ya yi muku amfani, amma ku riƙe fensirinku, ku fita ku zana kasuwa da tasha da masussuka, domin abin da kuka gani da idonku shi ne jarin da ba wanda ya riga ku mallaka.

Mu a namu ɓangaren, kwamiti ya yanke shawara cewa daga yau bangon wannan mujalla da zanen barkwancinta aikin hannun ɗalibai ne, za a rubuta sunan mai aikin, a kuma biya shi gwargwadon ƙarfin asusu. In wata rana larura ta sa muka buga hoton inji a ciki, za mu rubuta haka ɓaro-ɓaro a ƙarƙashinsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa fitowar nan ta makara da mako biyu, muna kuma neman gafararku.

Yanzu sai ku juya ku dubi bangon da ke hannunku. Babu ganuwar dutse, babu faɗuwar rana. Layin bokitai ne a bakin famfon ɗakin kwana da asuba, ga wata ɗaliba ta zauna a kan bokitinta tana bitar takarda da hasken waya, ga mai shayi can baya yana hura wuta. 'Yar'uwarmu ta zana shi ne domin ita ma ta bi wannan layi. Wanda duk ya kwana a wannan makaranta zai gane famfon, wataƙila ma ya gane bokitinsa. In kun ga kuskure a ciki, kun san ɗakin da za ku same ta ku gaya mata.

Muna maraba da wasiƙunku a kan wannan batu, ko kun yarda da mu ko ba ku yarda ba, za mu buga waɗanda fili ya ɗauka a fitowa ta gaba. Allah Ya sa mu dace. Wassalam.

Edita